Mai Sunan Uban Faraj

Tun ranar da aka ce 'yarsa Zakiya ta sauka, kuma namiji ne, Na'ibi Salihu bai sake shan shayi ya kai ƙarshen kofi ba. Zai kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya zura takalmi, sai ka hango shi can bakin masallacin Takaru, 'yan ƙasarmu mazauna nan, a unguwar Bani Malik, yana tare mutane. Wanda ya riga ya yi masa barka ma sai ya sake tsayar da shi. Maganar dai ɗaya ce, takwaransa ya iso.

Kada ka ga laifinsa da yawa. A nan Jidda aka haife shi. Ubansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya tsallako teku ta Sawakin, ya rasu ya bar shi shi kaɗai namiji. Shi kuma Allah ya jero masa 'ya'ya mata, jikokin da suka biyo baya duk sunayen dangin ubanninsu suka kwashe. Ga shi gemu ya yi fari fat. Liman ya daɗe a kwance da ciwon ƙafa, shi ke jan salla, shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa wa 'ya'yan mutane suna, amma duk faɗin unguwar babu yaro ɗaya da ake kira Salihu saboda shi. Abin yana cin sa ƙwarai, bai dai taɓa faɗa ba.

Wannan karon kuwa a ganinsa magana ta ƙare. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba ake sa masa, kowa ya san haka. To, mijin Zakiya ba shi da uban da ya sani. Saura wa, in ba shi ba?

Faraj ke nan, mijin Zakiya, dogon mutum mai ƙaramar murya da ke dako a tashar jiragen ruwa. Yana ɗan mitsitsi wani da ya ce shi kawunsa ne ya zo da shi aikin hajji. Da guzuri ya ƙare, mutumin ya kai shi gidan wani attajiri a Balad, tsohon garin Jidda, ya karɓi abin da ya karɓa, ya hau jirgi abinsa. A gidan aka sa masa Faraj. Sunansa na yanka, da garinsu, da sunan uwa da na uba, duk sun zube a hanya. Yana nan yana hawa da ruwa benen ƙarshe yana saukowa har ya yi gemu, sai shekarar da hukuma ta yi shelar babu sauran bawa a ƙasar, aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi. Takaru suka karɓe shi, don tsagen fuskarsa ya nuna nasu ne. Hausar ma a bakinsu ya sake koyonta, har yau rabinta Larabci ne. Zakiya tana zawarci ta gan shi ta ce ta ji ta gani. Na'ibi ya ba shi ita, kuma tun daga ranar bai bar kowa ya manta cewa don Allah ya yi ba.

Ragon suna na uban jariri ne, amma ina Na'ibi zai iya jira? Da kansa ya tafi kasuwar dabbobi ya jawo wani jibgegen rago ɗan Sawakin mai doguwar wutsiya, ya ɗaure shi a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani. Matarsa Saudatu ta ce masa ya dai bari mai ɗa ya buɗe baki tukuna. Ya ce mata ita dai ba ta san komai ba sai jiƙa shinkafar masa.

Mai ɗa kuwa shiru. Yau shiru, gobe shiru. Na'ibi ya bi ta ƙofar gidansu ya yi gyaran murya, ya dawo ta nan ya sake yi, Faraj ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya koma. Tsoho ya fara tsarguwa. Ya ce ko kunya ce, ya ce ko rashin sanin al'ada ne, mutumin da ya tashi a gidan Larabawa. Ranar jajibiri har ya shirya zai aika a tuna masa, sai ga shi bayan la'asar.

Ranar iska ta tsaya cik, danshin teku ya sauko unguwa, riga tana manne wa mutum a baya. Na'ibi na kan tabarma a inuwar katanga yana fifita. Faraj ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Ammi, na zo da sunan." Ammi yake ce masa, wato baffa da Larabci.

Na'ibi ya gyara zama. Ya ma riga ya tanadi abin da zai ce, wato haba, ai da an sa na wani babba, shi wane ne.

"Sunan ubana zan sa masa. Hamu."

Da farko Na'ibi ya ɗauka wani abu ne ya faɗo wa mutumin a rai bayan shekaru, ko wani alhaji ya zo daga gida ya gane tsagensa. Ransa ya sosu, amma ya daure ya tambaya wane Hamu, na wane gari.

"Ɗan Annabi Nuhu," in ji Faraj. "Ai kai ka gaya mana shi ne ubanmu."

Mafici ya tsaya a hannun Na'ibi.

Dole in koma da kai baya kaɗan. Lokacin Na'ibi yana da ƙarfinsa, duk ranar Alhamis yakan shiga Balad, gidan attajirin nan, ya tara bayin gidan a tsakar gida ya koya musu Fatiha da alwala. Tsohuwar gidan, uwar attajirin, takan zauna a bayan tagar katako tana saurare, kuma ita ke son a rufe karatu da labarin Annabi Nuhu. Na'ibi kuwa, a gaskiya, Allah ya ba shi baki. In ya fara, sai ka ji kamar ruwan a kanka yake sauka. Ya kawo sassaƙar jirgi a tudu mutane suna dariya, ya kawo shigar dabbobi, ya kawo ɗan da ya ƙi hawa ruwa ya ci shi, ya kawo saukar jirgi a kan dutse da 'ya'ya uku da suka tsira, Samu da Hamu da Yafisu. Daga nan sai ya sassauta murya. Wai wata rana uban yana barci iska ta yaye masa tufa, Hamu ya gani ya yi dariya, 'yan'uwansa suka zo da baya da baya suka rufe shi. Wai da ya farka ya yi addu'a zuriyar Hamu su yi baƙi, su zama masu yi wa 'ya'yan Samu da Yafisu bauta. Sai ya dubi yaran da ke zaune a ƙasa ya ce musu to kun ji asalinku, haƙuri ya kama ku, mai haƙuri yana da lada.

Wannan ƙarshen ba ya cikin Alƙur'ani, Na'ibi ya fi kowa sani. A bakin wani malaminsa ya ji, shi ma a bakin wani. Amma tsohuwa tana son sa, tana aiko masa da gahawa da dabino in ya gama. Ka kuma san abin haushi? Na'ibi baƙi ne wuluk, ya fi rabin yaran duhu, amma bai taɓa sa kansa cikin labarin ba. Shi a wajensa mutanensu daga Bagadaza suka fito, jinin Samu ne, rana ce kawai ta dafa su.

Ashe cikin yaran nan akwai wanda bai ji tsinuwa ba, uba ya ji. Yaron da kowa a gidan yake da wanda ake jingina shi da shi, ɗan wane, jikan wane, shi kaɗai Faraj ne tsura, sai ga malami da rawani ya ce masa kai ma kana da uba, ga sunansa. Ya riƙe abin nan gam ya girma da shi.

Na'ibi ya zuba masa ido yana neman alamar gatse ko ramuwa a fuskarsa. Da ya samu, da ya ji daɗi, da ya san yadda zai yi da shi. Babu. Mutumin nan da zuciya ɗaya ya zo, har wani haske fuskarsa take yi.

Ya fara lallashi. Ya ce sunan ba a saba da shi ba, duk Jidda da Makka ba a taɓa jin mai shi ba, yara za su sa jariri a gaba in ya girma. Faraj ya ce shi ma abin da ya dame shi ke nan, a ce mutum ya haifi rabin duniya amma babu wanda ya taɓa yi masa takwara. Na'ibi ya ce ai mutumin ya yi laifi. Faraj ya ce sahih, ya yi, amma ya shiga jirgi ko bai shiga ba? Na'ibi ya ce ya shiga. Faraj ya ce to wanda ya shiga jirgi ai mumini ne, wanda ya kafirta shi ruwa ya ci. Uba kuma ko ya yi laifi uba ne, ba a canza shi. Su dai sun biya bashin dariyar, halas, shi ke nan, an 'yanta su, yanzu sai a yafe wa tsoho.

Zufa ta karyo wa Na'ibi. Ya ga ba mafita sai ya taɓa inda ba ya son taɓawa. Ya ce, a hankali, wato shi wannan ƙarshen labarin, malamai sun yi maganganu a kansa, ba a cikin Littafi yake ba.

Faraj ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi ba a gaban surukinsa.

"Yani ba haka aka yi ba, Ammi? Ba shi ne ubanmu ba?"

To fa. In ya ce haka aka yi, jikansa ya zama Hamu. In ya ce ba haka aka yi ba, to me ya yi shekara da shekaru yana zuba wa yara marasa gata a kunne, suna ɗauka suna komawa ɗaukar ruwa? Kuma ya raba mutum da uba ɗaya tilo da ya taɓa samu, a jajibirin sunan ɗansa. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne Allah ya kai mu goben. Faraj ya sumbaci hannunsa ya tashi.

Daga nan fa Na'ibi ya shiga safa da marwa. Ya faɗa cikin gida ya sauke wa Saudatu, kamar ita ta aike shi Balad. Ta saurare shi tana tankaɗe, ta ce ita ba ta da ta cewa, amma ta tuna lokacin da yake dawowa ranar Alhamis da dabino a aljihu yana yabon kansa. Ya fice a fusace. Ya tura ta wajen mai jego, ko 'yar za ta tanƙwara mijinta. Saudatu ta dawo ta ce Zakiya ta ce ɗa na ubansa ne, kuma tun cikin yana wata uku mijin ya gaya mata, ta ga yadda yake kuka da ya faɗa, ita ba za ta iya hana shi ba. Wato kowa ya sani sai shi, shi da ya cika unguwa da zancen takwara.

Ya fita ba tare da ya san inda za shi ba. Ya miƙe titi har unguwar Sharafiyya, jiragen sama na tashi ta kansa, motoci na yi masa ham, ya tsaya gaban mai ful da tamis, wato wake da burodi, ya rasa abin da ya kawo shi, ya juyo. Kunya yake ji, da haushi, da wani tsoro da ya kasa gane kansa. Gobe a gaban jama'a, da bakinsa, zai ɗauki sunan da ya yi shekaru yana tsinewa ya ɗora wa jininsa.

Dab da magariba ya biya wa Hamad wanzami, mutumin Sudan, wanda shi ke aski kuma shi ke shelar suna in an raɗa. Hamad yana wasa aska ya ji labari, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Wa ke raɗawa? Na'ibi. Wa ke yanka? Na'ibi. To ya raɗa Salihu, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗa, a kwantar da rago. In jini ya zuba a kan suna, duk Jidda babu mai ɗaga shi. Faraj mutum ne mai kunya, ba zai tsaya gaban mutane ya ƙaryata surukinsa ba. Zai haɗiye, ai ya saba haɗiyewa.

Wannan kalma ta ƙarshe ta ɗan soki Na'ibi, amma ya karɓi shawarar hannu biyu. Ya gaya wa kansa ceton yaro zai yi. Ya yi ta maimaita haka har ya kusa yarda.

Da aka idar da sallar asuba gari ya waye, aka shimfiɗa tabarmi a lungu. 'Yan unguwa suka hallara, masu wanki da masu ɗinki da direbobi, ana zagayawa da goro da dabino, butar shayi na bin sahu. Na'ibi ya zauna a tsakiya da sabuwar riga, Hamad a damansa, sun haɗa ido sau ɗaya sun kawar. Rago na can yana ta jan igiya.

Sai ga wasu baƙi sun shigo lungun, mutum shida ko bakwai, Faraj na gaba yana yi musu jagora. Ba 'yan unguwa ba ne. Wasu sun manyanta, ɗaya ma da sanda yake dogarawa, duk sun sa fararen riguna da aka wanke aka goge, ka san na ranar Idi ne. Na'ibi ya dube su ya sake dubawa, sai ya gane su. Yaran tsakar gidan Balad ne, da manyansu da ke tsayawa a baya suna saurare. Tun da aka buɗe musu ƙofa suka watsu, wani gadi, wani shara a kasuwa, wani kwale-kwalen kamun kifi. Faraj ya bi su ɗaya ɗaya ya gayyato.

Suka zo suka durƙusa suna sumbatar hannunsa, suna ce masa ustazu. Mai sandar, wani Yahya, bai saki hannun ba. Da Larabci ya yi magana, don ba shi da Hausa ko kaɗan, idonsa na ruwa. Ya ce jiya bai runtsa ba don murna. Ya ce shi bai haihu ba, kuma ba zai haihu ba, amma yau za a yi wa ubansu takwara, kuma a bakin wanda ya fara gaya musu sunansa. Allah ya saka wa ustazu da alheri.

Suka koma gefe suka jeru a bakin tabarma, a ƙasa, yadda suka saba zama a gabansa.

Aka yi salati. Faraj ya matso ya raɗa masa sunan a kunne kamar yadda ake yi, ya koma. Na'ibi ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Hamad ya kawo kunnensa kusa, yana ɗan murmushi. Na'ibi ya buɗe baki da niyyar Salihu, wallahi da niyyarsa ya buɗe, sai idonsa ya sauka kan mutanen nan da suka miƙo wuya suna jira. Sau nawa suka zauna haka ya ba su abin da ya ga dama suka karɓa? Yau ma in ya ba su za su karɓa, su yi godiya, su koma. Abin da ya kasa ɗauka ke nan.

Ya faɗa a kunnen Hamad. Hamad ya ja baya ya dube shi, ya ga ba wasa, ya miƙe ya gyara murya ya ce jariri ya ci sunan Hamu, Allah ya raya Hamu ɗan Faraj.

Lungu ya ɗauki ƙus-ƙus. Wani ya ce wa, wani ya ce Hamun wa, wani tsoho ya yi salati a hankali. Wasu suka saci kallon Na'ibi suna danne dariya, don ba su manta zancen takwara ba. Baƙin nan kuwa suka rungume Faraj, Yahya na kuka kamar yaro. Na'ibi ya tashi ya karɓi wuƙa, ya ambaci sunan Allah da sunan jariri, ya yanka ragon da ya saya wa kansa.

Da hantsi, bayan an yi aski, aka kira shi cikin gida ya ga jikansa. Ɗakin ya cika da ƙamshin turaren wuta da hayaniyar mata. Saudatu ta miƙo masa jaririn, kai a aske, yana barci. Matan suna ta gardamar abin da za a riƙa kiransa. Faraj daga bakin ƙofa ya ce shi dai bakinsa ba zai iya kama sunan ubansa ba, Abba zai riƙa cewa. Zakiya ta ce ita ma ina ita ina faɗin sunan suruki, Abban dai. Yayyenta suka ce to kowa ya bi, Abba. Saudatu ta ce ita ba ruwanta da wani Abba, angonta ne, Ango za ta ce.

Na'ibi ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ashe sunan zai kwanta ne, ba mai tada shi. Yaro zai tashi Abba, unguwa ta manta, shi ma ya huta.

"Saura kai, Ammi," in ji Faraj. "Kaka ba ya kunyar jika. Kai kaɗai za ka iya kiransa da shi. Don Allah ka riƙa kira kullum, kada ya tashi bai san sunansa ba."

Matan suka ce gaskiya ne, wannan aikin kaka ne. Suka tsaya suna jira.

Na'ibi ya dubi ɗan abin da ke hannunsa. Jininsa ne, ɗan 'yarsa, ba ta inda zai ce wannan daga Bagadaza ya fito wancan daga wani wuri. Ya sunkuya ya kira sunan. Muryar da ke cika masallaci ba ta ko kai bakin ƙofa ba.

Faraj ya matso kaɗan.

"Bai ji ba, Ammi. Ƙara ɗagawa."